Ma'auni ya cika, fili ya ƙi ginuwa: yadda buƙata da bunƙasar yanki ke aiki a wasannin gina birni

Me ya sa ma'aunin wasa zai nuna ana neman gidaje ruwa a jallo, magajin gari, wato ɗan wasa, ya yanka filaye har bakin taswira, amma a ƙi ɗora ko tubali ɗaya? Me kuma ya sa benen da aka kammala bara zai yi baƙi ƙirin ya zama kango bana, alhali sandar buƙata tana nan a sama ba ta motsa ba? Tambayar ta girmi da yawa daga cikin masu yin ta, domin tun SimCity na farko, wanda Will Wright ya ƙera kamfanin Maxis ya fitar a 1989, ake ta maimaita ta. Ta sake tasowa bayan fitowar Cities: Skylines II a Oktoban 2023, lokacin da 'yan wasa suka yi ta kuka da alamar tsadar haya da ta cika musu garuruwa, da tattalin arzikin da ba a gane gabansa balle bayansa. Sai da kamfanin Colossal Order, wanda ya ƙera wasan, ya sake fasalin lissafin a Yunin 2024, har ya cire tallafin gwamnati da ke cike wa gari giɓin kasafi.

Tushen ruɗanin ɗaya ne. Sabon ɗan wasa yana ɗaukar ma'aunin buƙata a matsayin umarni: sanda ta hau, a yanka fili. Ma'aunin kuwa rahoton giɓi ne tsakanin hannayen da ke neman aiki da guraben aikin da ake da su, kuma kafin wannan giɓi ya zama gini akwai ƙofofi da yawa da sai an wuce. Wasan da ya fi fito da wannan a sarari shi ne SimCity 4 na 2003, tare da ƙarinsa Rush Hour da ya biyo baya a shekarar, saboda shi ne ya ɗora lissafin a kan yanki guda mai garuruwa da yawa. Da shi za a yi mafi yawan bayanin.

Abin da ma'aunin ke aunawa

Fili iri uku ake yankawa: kore na gidajen zama, shuɗi na kasuwanci, rawaya na masana'antu. Sandunan ma'auni uku da ke nuna buƙatar waɗannan filaye su ake kira RCI, kuma a SimCity 4 kowace tana hawa har 6,000 sama, tana sauka har 6,000 ƙasa.

Lissafin yana zagayawa ne. Kusan rabin mazauna gari su ne ma'aikata. Garin da ke da mutum 10,000 yana da hannu kamar 5,000 da ke neman abin yi. Idan guraben aiki 3,000 ne, sandar masana'antu za ta hau, ta gidaje ta sauka, domin babu wanda zai ƙaura zuwa garin da 'yan gari ma ke zaman kashe wando. Idan guraben 7,000 ne, sai abin ya juya, a koma neman gidaje. Shaguna kuma suna bin yawan masu sayayya, su ma su samar da nasu guraben aikin.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, sandar gidaje da ta faɗi ƙasa ba a ɗaga ta da gyaran unguwannin zama. Ana ɗaga ta ne da samar da aiki. Mai wasa da ya zuba lambuna da asibitoci yana jiran kore ya hau, alhali rawaya da shuɗi ne ke kuka, kuɗinsa kawai yake ƙonawa.

Sanda uku a ido, goma sha biyu a ciki

Ƙaramin ma'aunin da ke gefen allo taƙaitawa ce. Idan aka buɗe shi, buƙatar kashi goma sha biyu ce. Gidaje uku: na talakawa R$, na masu matsakaicin hali R$$, na attajirai R$$$. Shaguna da wuraren hidima uku, su ma bisa ƙarfin aljihu. Ofisoshi biyu, CO$$ da CO$$$. Masana'antu huɗu: gonaki, masana'antu masu hayaƙi, masana'antun ƙere-ƙere, da na fasahar zamani.

Kowane wurin aiki yana da irin mutanen da yake ɗauka. Masana'anta mai hayaƙi talakawa zalla take ɗauka. Ta ƙere-ƙere tana raba gurabenta kusan rabi da rabi tsakanin talakawa da matsakaita. Ofis mafi tsada, CO$$$, wanda mutum zai zaci na attajirai ne, kusan kashi 15 cikin 100 kawai na gurabensa ne nasu, mafi yawa na matsakaita ne, har talakawa suna da rabonsu. Wannan adadi shi ne ke bayan kangayen da suka fi ba 'yan wasa haushi. Da zarar gari ya yi tsabta, makarantu suka tsaya da ƙafafunsu, sai manyan gidajen attajirai su yi ta tsirowa suna cinye na matsakaita. Mutanen su tare, su nemi aikin da ya dace da matsayinsu su rasa, alamar jakar ofis mai nuna rashin aiki ta bayyana a saman rufin, bayan 'yan watanni gidan ya zama kufai ko talakawa su gaje shi ya yi dauɗa. Akwai ma kuskure a cikin wasan kansa da ke ƙara dagula abin: masana'antun fasahar zamani ba sa ba attajirai guraben da aka tsara za su ba su, sai da 'yan wasa suka haɗa ɗan gyara suka raba wa juna. Garin da ya dogara da waɗannan masana'antu ba tare da gyaran ba, unguwar attajiransa tana cikin haɗari.

Abin da ke juya buƙata daga wannan kashi zuwa wancan shi ne ilimi. Wasan yana auna ilimin jama'a daga 0 zuwa 200. Jama'ar da ba ta yi karatu ba tana jawo masana'antu masu hayaƙi. Idan karatu ya ƙaru sai buƙatar ta koma ƙere-ƙere, daga nan ofisoshi da fasahar zamani. Ba abu ne na dare ɗaya ba. Firamare tana taɓa yara, sakandare matasa, kwaleji da ɗakin karatu da gidan tarihi su riƙe manya, kuma sai yaran sun girma sun shiga aiki kafin a ga canji a ma'auni. Wanda ya gina makaranta yau yana duba sandar ofisoshi gobe zai ce wasan ya lalace.

Buƙata daban, farin jinin wuri daban

Buƙata tana faɗin yawan ginin da za a iya yi. Inda za a yi shi kuwa, farin jinin wurin ne ke yanke hukunci, kuma kowane kashi daga cikin goma sha biyun nan yana da abin da yake so da abin da yake gudu.

Talaka yana haƙuri da hayaƙi da ƙarancin makaranta matuƙar aiki na kusa. Attajiri ba ya yi: yana son iska mai kyau, ƙarancin laifi, makaranta da asibiti a kusa, bishiyoyi da lambuna, da titin da babu hayaniya. Shaguna akasin gidaje ne, cunkoson motoci a ƙofarsu shi ne kwastoma, don haka layin kasuwanci da aka kai lungu mai shiru ba zai ci gaba ba ko da sandar shuɗi ta kai ƙololuwa. Wurinsa bakin babban titin da ma'aikata ke bi safe da yamma, ko kusa da tashar bas da ta jirgin ƙasa. Masana'antu suna duba tsawon tafiyar motar dakon kaya zuwa mafita mafi kusa, ko iyakar gari ce, ko tashar jirgin kaya, ko tashar jiragen ruwa. Na fasahar zamani kuma halin attajirai gare su, ba sa zama inda iska ta gurɓace, shi ya sa idan aka yanka musu fili a gindin tashar lantarki ta kwal ba sa zuwa.

Akwai taswirar farin jini a cikin bayanan gari, ana zaɓar kashin da ake so a ga inda ya yi kore da inda ya yi ja. Duba ta kafin yanka fili ya fi arha a kan rushewa daga baya. Sai abu mafi sauƙi da aka fi mantawa: kowane fulotin zama yana da kibiya, kuma dole kibiyar ta fuskanci titi. Maɓallin Alt yana juya fuskar fuloti lokacin yankawa, Shift yana hana wasan shimfiɗa ƙananan layuka da kansa, Ctrl kuma yana tilasta fuloti ya fito da girman da aka ja.

Nisan wurin aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi kashe unguwanni. Mutanen wasan suna neman aiki ne ta hanyar da ke akwai, kuma idan tafiyar ta yi tsawo ko titin ya toshe, a wurinsu daidai yake da babu aikin. Ana iya samun guraben aiki dubbai a buɗe a kudancin gari, arewacinsa kuma yana cike da marasa aiki, saboda titi ɗaya tak ya haɗa su. Rush Hour ya zo da abin binciken hanya: a danna kan gini a ga ta ina mutanensa ke bi, da mota ko bas ko a ƙafa. Asalin lissafin neman hanya na wasan yana da rauni, yakan sa mutane su cushe a gajeren layi su bar babbar hanya fayau, kuma wannan ne ya haifi Network Addon Mod, gyaran da 'yan wasa suka ƙera suke ta sabunta shi shekara da shekaru. Yawancin waɗanda suka daɗe a wasan ba sa buɗe shi ba tare da wannan gyara ba.

Murfin da ba a nuna wa ɗan wasa

Wannan ita ce ƙofar da ta fi ɓoyuwa. Kowane kashi, ban da shaguna, yana da murfi, wato adadin da ba zai wuce ba sai an gina abin da zai ɗaga shi. Sabon gari yana farawa da murfin talakawa a 20,000, na matsakaita a 2,000, na attajirai a 1,000. Idan yawan jama'a ya taɓo murfin, ci gaba zai tsaya cak, ko da aiki na nan, ko da wurin yana da farin jini.

Abin da ke ɗaga murfin gidaje shi ne wuraren shaƙatawa: lambuna, filayen wasa, dandali, da manyan kyaututtukan da gari ke samu idan ya girma, irin su filin ƙwallo da gidan namun daji. A nan lambu yana aiki biyu. Yana ƙara farin jinin unguwar da ke kewaye da shi, wannan sai a kusa, yana kuma ɗaga murfin gari baki ɗaya ko a ina aka dasa shi. Murfin ofisoshi yana ɗaguwa da filin jirgin sama da hanyoyin da suka ƙetare iyaka zuwa garuruwan maƙwabta. Na masana'antu kuma yana ɗaguwa da waɗannan hanyoyi da kayan da ake fitarwa ta jirgin ƙasa da tashar ruwa. Babbar hanya tana ɗagawa fiye da titi na yau da kullum.

Wasan ba ya nuna murfin da adadi. Masu ba magajin gari shawara sukan yi shaguɓe, su ce jama'a na son wurin hutawa ko 'yan kasuwa na neman filin jirgi, kuma galibi ana share saƙon a matsayin surutu. Ba surutu ba ne. Wanda ke son ganin lissafin ƙuru-ƙuru, akwai ginin ƙidaya da 'yan wasa suka ƙera mai suna Census Repository, yana nuna kashi nawa na kowane murfi aka cinye.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne gaggawa ta ɗaya ɓangaren, wato gina katafaren filin jirgi a garin da ofisoshinsa ba su kai ko rabin murfi ba. Filin jirgi ba ya ƙirƙirar buƙata. Yana cire shinge ne kawai, kuma kuɗin kula da shi na wata-wata zai ci kasafi ko akwai fasinja ko babu.

Me ya hana dogayen benaye fitowa?

Gidaje da kasuwanci suna hawa mataki takwas, masana'antu uku. Yanka fili mai ɗaukar dogayen benaye izini ne kawai aka bayar. Wasan ba ya sakin manyan matakai sai yawan jama'a ya kai wani adadi, kuma yawan jama'ar yanki yana shiga wannan lissafi, shi ya sa sabon gari a cikin yankin da ya riga ya cika yake saurin tsirar da benaye, na farko a yankin da babu kowa kuwa ya daɗe yana ƙananan gidaje. Idan babu ruwan famfo, gini ba ya wuce matakan farko. Girman fuloti ma yana da tasiri: manyan benaye da yawa suna son fuloti mai murabba'in taswira 3 sau 3 ko 4 sau 4, don haka unguwar da aka yayyanka da layuka kusa-kusa ba ta bar musu wurin tsayawa ba.

Saboda haka yanka fili mafi tsada tun ranar farko asara ce. A fara da na ƙananan gidaje, idan buƙata ta dore a ja fili mai cunkoso a kansa, ba sai an rushe komai ba. Kuma a yi shi layi-layi. Bene ɗaya yana iya zuba mutum dubbai a kan titin da aka shimfiɗa don ɗaruruwa, makarantar unguwa ta cika ta batse, malamai su tafi yajin aiki.

Haraji a matsayin linzami

Haraji yana farawa a kashi 9 cikin 100, ana iya kai shi har 20, kuma Rush Hour ya ba da damar saka wa kowane kashi nasa daban. Ƙasa da matsakaici, wato adadin da ba ya ƙara buƙata ba ya rage ta, yana ƙara buƙata, sama da shi yana danne ta, kuma matsakaicin kansa yana sauka a hankali yayin da gari ke girma, don haka 9 ɗin da ƙauye ya karɓa ba gardama babban birni zai ji nauyinsa.

Amfanin haraji a hannun wanda ya iya wasan ya wuce tara kuɗi. Ana so a kori masana'antu masu hayaƙi? A kai harajinsu 20, sababbi ba za su zo ba. Attajirai suna tsirowa fiye da guraben aikinsu? A ɗaga nasu da maki ɗaya ko biyu har ofisoshi su kamo su. Gargaɗi ɗaya: korar masu hayaƙi kafin ilimin jama'a ya kai su ga wani aikin yana nufin rufe wa talakawa ƙofar abinci, sandar R$ ta faɗi, kuɗin shiga ya bi ta.

Yanki: inda lissafin ya ƙetare iyaka

Yankin SimCity 4 faffadar ƙasa ce da aka raba gari-gari. Ƙaramin gari kilomita ɗaya ne kowane gefe, matsakaici biyu, babba huɗu, wato murabba'i 64, 128 da 256 a jere, kowane murabba'i mita 16. Garuruwan da titi ko layin dogo ya haɗa suna musayar ma'aikata, buƙatar da wani ya kasa cikawa kuma tana malala zuwa maƙwabcinsa. Garin da babu hanyar da ta haɗa shi da kowa tsibiri ne, ko da a tsakiyar yanki yake.

Wannan ya ba da damar raba aiki. A yi gari ɗaya na masana'antu, na kusa da shi na gidaje zalla, mutane su kwana a nan su yi aiki a can, kamar yadda Mararaba da Nyanya ke ɗurar ma'aikata cikin Abuja kowace safiya, da irin cunkoson da hakan ke haifarwa a kan hanya ɗaya. Ana kuma ƙulla yarjejeniya tsakanin maƙwabta a kan lantarki, ruwa da shara, matuƙar waya ko bututu ko titi ya ƙetare iyakar, mai sayarwa kuma yana da rara. Tashar kwal tana ba da 6,000 na lantarki, injin iska 200 kacal, don haka ƙaramin gari yakan fi samun sauƙi ya saya daga maƙwabci a kan ya jera injinan iska.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, gari ɗaya ne kawai ke raye a lokaci guda. Sauran suna daskare a inda aka bar su. Garin da ake wasa yana aiki ne da bayanin ƙarshe da maƙwabtansa suka bari ranar da aka adana su. Idan aka shafe shekara talatin ana gina garin gidaje ba a leƙa na masana'antu ba, guraben aikin can ba su ƙaru ba, sai marasa aiki su cika gari, ma'aunin ya riƙa nuna abin da ba shi da tushe. Hanyar da ta fi aminci ita ce kai-komo: a gina nan na 'yan shekaru, a adana, a shiga can a bar lokaci ya tafi har lissafi ya daidaita, a cika buƙatar da ta malalo, a adana, a dawo. Yana da gajiyarwa, amma shi ne wasan.

Ma'aikatan da ba sa isa wurin aiki

Ga wata matsala da ta shahara. Wajen neman hanya, wasan yana kallon bakin iyaka kamar ƙofar wurin aiki. A ce garuruwa uku ko huɗu sun haɗu a kusurwa, kuma hanyoyin da suka haɗa su duk suna kusa da wannan kusurwar. Ma'aikaci ya fito daga gari na farko ya shiga na biyu. Yana shiga sai ya ga iyakar gari na uku ta fi masa kusa da masana'antun da ke tsakiyar na biyu, sai ya wuce. A na uku ma haka, har ya dawo inda ya fito. Duk lokacin da aka buɗe garuruwan bi da bi adadin masu zagayen yana kumbura, tituna su yi ja da mutanen da ba su da inda za su, masana'antu kuma suna kukan rashin ma'aikata.

Maganin a tsarin hanya yake. Kada hanyoyin da ke tsakanin garuruwa su rufe zobe. A yi su kamar rassan bishiya, kowane gari ya bi ta hanya ɗaya zuwa cibiya. Idan dole sai an yi zoben, a kai mahaɗar tsakiyar gefen taswira nesa da kusurwa, a kuma sa wuraren aiki dab da inda baƙi ke shigowa, yadda aiki zai fi iyaka ta gaba kusa.

Inda Cities: Skylines ya bambanta

Cities: Skylines, wanda Colossal Order na Finland ya ƙera kamfanin Paradox ya fitar a Maris 2015, ya zo ne bayan SimCity na 2013 ya ɓata wa mutane rai da ƙananan taswirori da tilasta haɗuwa da intanet. Ba shi da yanki mai garuruwa da yawa. Gari ɗaya ne da ake faɗaɗawa da sayen fili, tara daga cikin ashirin da biyar a asalin wasan, duniyar waje kuma hanya ce kawai da kaya da baƙi ke shigowa ta kanta. Fili yana shiga murabba'i huɗu daga bakin titi, masana'antu da ofisoshi kuma sanda ɗaya suke rabawa.

A nan kowane mutum da kowace motar kaya ana bin sawunsu ɗaya bayan ɗaya, don haka cunkoso yana kashe kasuwa kai tsaye: shago ya rufe don kaya ba su iso ba, ba don babu masu saye ba. Haraji har kashi 12 jama'a na haƙuri, daga nan sai ƙorafi. Hukuncin yanka fili da yawa a lokaci guda kuma ya fi tsanani. Mutanen da suka tare tare suna tsufa tare, su mutu tare, motocin ɗaukar gawa su maƙale a cunkoso, maƙwabta su gudu daga gidajen, kuɗin shiga ya faɗi, sannan sababbin baƙi su sake shigowa a dunƙule, abin ya maimaita kansa. Ƙara maƙabarta yana rage raɗaɗi, amma rigakafin shi ne yanka unguwanni kaɗan-kaɗan da tazarar lokaci. Ilimi ma yana da nasa tarkon: garin da kowa ya yi jami'a masana'antunsa na rasa leburori, sai a karkata zuwa ofisoshi.

Inda 'yan wasa suka rabu

Hayaƙi a SimCity 4 ba ya ƙetare iyakar gari. Don haka wasu sukan tara tashoshin kwal, juji da masana'antu masu hayaƙi a ƙaramin gari ɗaya, su ƙulla yarjejeniya, su rufe shi ba su sake buɗewa ba. Sharar birni tana tafiya can, jujin kuwa ba ya cika tunda lokaci ba ya tafiya. Masu yin haka suna cewa dokar wasa ce suka bi. Waɗanda ba sa yi suna ganin an cire wa wasan ƙashin bayansa, tunda duk wahalarsa ita ce zama da sakamakon abin da ka gina. Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi ga mai son ya fahimci yadda lissafin ke tafiya, domin garin da ya fitar da duk matsalolinsa waje ba ya koya wa mai shi komai game da farin jinin wuri. Ga mai son ƙawata birni ya ɗauki hoto, babu laifi.

Ɗaya taƙaddamar ta fi girma: shin waɗannan wasanni suna koyar da tsara birane? Suna koyar da abu na gaske, cewa gidaje, aiki, hanya da haraji a ɗaure suke da juna, kuma sakamakon mataki yakan makara kafin ya bayyana. Will Wright ya ɗauko wannan tunani daga aikin Jay Forrester na jami'ar MIT kan yadda birane ke motsi. Amma launuka ukun nan ba dokar halitta ba ne. Salon Amurka ne na raba gida da kasuwa da masana'anta, wanda birnin New York ya kafa wa doka a 1916, Kotun Ƙolin ƙasar kuma ta amince da irinsa a 1926. SimCity 4 bai san gida mai shago a ƙofa ba, balle unguwar da ta tsiro kafin hukuma ta zo da awo. Sai a Cities: Skylines II ne aka sa benen da ke da shaguna a ƙasa da mazauna a sama cikin asalin wasan. Magajin garin wasa ba ya tsayawa zaɓe, ba ya shiga kotu kan rikicin fili, yana rushe unguwa da danna linzami ɗaya. Ko wuraren ajiye motoci ma an rage su da gangan: Stone Librande, jagoran masu tsara SimCity na 2013, ya bayyana cewa da sun sa su da girmansu na gaske, da wasan ya zama abin gundura.

Ga mai son gwadawa, SimCity 4 Deluxe ya haɗa wasan da Rush Hour, ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi, kuma tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka tana ɗaukarsa. An rubuta shi ne a zamanin da kwamfuta ke da ƙwaƙwalwar sarrafawa ɗaya, don haka yakan rufe kansa ba zato a kan na zamani. Ana rage wannan da ƙara -CPUCount:1 a layin da ke buɗe wasan. Ba ya adana aiki da kansa, sai an danna, kuma a wasan yanki adanawar ce ke isar wa maƙwabta sabon lissafi, don haka kafin a fita daga kowane gari a tabbatar an yi ta.